Gonar gado mai hekta uku: yadda ta zama fuloti 42 a bayan garin Katsina

Gonar tana yankin da gine-ginen Katsina suka tsallaka cikin ƙaramar hukumar Batagarawa. Tsawonta daga gabas zuwa yamma ya kai mita 200, faɗinta daga kudu zuwa arewa mita 150, wato hekta uku. Gidaje sun riga sun rufe ta ta kudu da yamma, awakin unguwa sun hana shuka yin kirki, sai magada suka yarda a yanka ta. Ni aka ɗora wa bin takardu.

Dillalin farko da ya taka gonar cewa ya yi: "Alhaji, a ba ni igiya da yara biyu, cikin kwana uku in fitar muku da fuloti ɗari." Lissafinsa ba ƙarya ba ne. Fulotin ƙafa 50 da 50 murabba'in mita 232 ne, guda ɗari su ci 23,200, ragowar a yi lungunan ƙafa 15 da ita. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka yanka unguwanni da yawa a kewayen birni. Mu 42 muka tashi da su a ƙarshe, bayan wata goma sha huɗu. Ga yadda ɗari ta koma 42.

Kafin maganar awo akwai maganar mallaka. Gonar ba ta da takardar gwamnati, gado ce tun kaka, don haka abin da ke hannu shi ne shaidar mutane. Mun karɓo takardar kotun shari'a mai ɗauke da sunayen magada duka da kason kowa, sannan mai unguwa da magajin yankin suka fito tare da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, aka taka iyaka ƙafa da ƙafa, kowa ya sa hannu. Kada a raina wannan zagayen. Iyakar gona a wurinmu jigon gamba ne, ko kututturen aduwa, ko tsohuwar kunya, kuma duk suna tafiya da shekaru. A kusurwar arewa maso yamma mun tarar da saɓanin kusan taku shida tsakanin abin da dattawan gida biyu ke tunawa. A ranar aka raba shi biyu a gaban magaji. Da an bari sai an dasa turakun siminti, da kotu za a je.

Daga nan sai bincike a ofishin filaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma raba ta gida biyu: abin da aka ayyana a matsayin yankin birni, gwamna ke ba da takardar mallakarsa, abin da ke waje, ƙaramar hukuma ke ba da takardar gargajiya. Gona tana iya zama a ƙaramar hukumar da ba ta Katsina ba amma ta faɗa cikin da'irar birni, don haka tambaya ake yi, ba zato ba. Abu na biyu da ake dubawa shi ne ko gwamnati ta taɓa karɓar wurin ta biya diyya, ko ya shiga wani tsarin unguwa da aka riga aka zana, ko akwai titin da aka shata zai ratsa ta nan gaba. Mutane da yawa sun sayi fili a gonar da aka biya kakan mai sayarwa diyya tun da daɗewa. Yanzu bayanan filaye na jihar suna komawa kwamfuta ƙarƙashin hukumar KATGIS, kuma abin da ake nema a wurinka shi ne lambobin kusurwoyin gonar, ba kwatancen "bayan gidan mai" ba.

Lambobin nan ɗan safiyo mai rajista ne ke fitar da su. Wayar hannu tana kuskuren mita uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, kuma mita biyar kashi ɗaya cikin uku ne na faɗin fuloti. Akwai kuma tarkon da ko masu sana'ar yakan kama: tsoffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, na'urorin zamani kuwa da ma'aunin duniya suke fitowa. In aka ɗauki lamba da wannan aka ɗora a taswirar wancan ba a juya ba, gona takan goce da gomman mitoci, ta hau ta maƙwabci a takarda alhali a ƙasa tana inda take. A tambayi ɗan safiyo da wanne ya yi aiki, a sa ya rubuta a jikin taswirar.

Mun biya ƙarin kuɗi ya yi mana awon tudu da kwari, maki ɗaya a kowace mita 20. Wasu magada sun ga ɓarnar kuɗi ce, tunda gonar a ido shimfiɗaɗɗiya ce. Awon ya nuna kusurwar kudu maso gabas ta fi ta arewa maso yamma ƙasa da kusan mita biyu da rabi, kuma a can ne tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini yake. Mai tsara gari da muka ɗauka ya ƙi ja layi ko ɗaya sai da ya zo a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya bi sawun da ruwa ya bari a yashi. Ruwan ba na gonarmu kaɗai ba ne. Yana shigowa daga gonakin arewa, ya bi gefen gabas, ya taru a kududdufi, in ya cika ya zarce cikin lungun unguwar kudu.

A nan ne lissafin ya fara canzawa. Ruwan Katsina ba shi da yawa a shekara, amma a dunƙule yake zuwa, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, kuma saukar milimita 50 a dare ɗaya ba baƙon abu ba ne. Milimita 50 a kan hekta uku lita miliyan ɗaya da rabi ce. Gona mai jigawa tana shanye mafi yawa, abin da ke gudu bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba, lita 300,000. In aka rufe wurin da kwano da daɓen siminti da titi, kusan kashi bakwai cikin goma ne ke gudu, sama da lita miliyan ɗaya, kwatankwacin tankar ruwa mai lita 10,000 guda ɗari da biyar, duk cikin awa ɗaya ko biyu. Rufin gida ɗaya mai murabba'in mita 150 shi kaɗai yana zubo duro 37 a irin wannan daren. Ruwan nan ba ya ɓacewa don an cike kududdufi an yanka shi fuloti. Ɗakin wani yake shiga. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, da ta ci rayuka sama da 40, ya san abin da ruwan dare ɗaya ke yi a ƙasar nan.

Doka ba ta tilasta mana wannan nazarin ba, kuma ni a ganina nan ne gibin yake. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken nazari ne ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Gonar hekta uku ba ta kusa. Amma gonaki ashirin irinta da ke jere, kowace ta yanka nata ba tare da duban ta kusa ba, sun zama hekta 60 da ba wanda ya tambayi inda ruwansu zai bi.

Saboda haka aka fara cire abin da ba na sayarwa ba. A gabas, zirin mita 14 daga arewa har kudu, hanyar ruwa. A yamma akwai babbar wayar wuta, wadda ma'aikata ke kira 33, wato mai ƙarfin volt dubu 33, tana bin iyaka; ƙa'idarta mita 11 ce, biyar da rabi kowane gefe, sai muka bar shida. Wadda ta fi ta, ta 132, mita 30 take ci, titin gwamnatin tarayya kuwa mita 45.72 daga tsakiyarsa, amma waɗannan ba su shafe mu ba. A arewa akwai tsohon burtali da noma ya cinye har ya koma kamar hanyar ƙafa. Aka bar masa mita 10. Babban titi mai mita 15 ya ratsa tsakiya daga arewa zuwa kudu, ƙanana biyu masu mita 10 suka gitta shi. Abin da ya rage layi huɗu ne, kowane zurfinsa mita 30, tsawonsa mita 165, wato fuloti 11 masu mita 15 da 30 a kowane layi. Jimla 44. Huɗu na ƙarshen layin kudu suka tafi wa kududdufi, biyu a bakin babban titi suka zama na masallaci da islamiyya. Saura 38, kashi 57 cikin ɗari na gonar.

Da aka kai wannan zanen taron gida, ran mutane ya ɓaci, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai zawarawa a cikin magada, akwai masu jiran kasonsu don su yi gini ko su aurar da 'ya'ya. Ga kuma gaskiyar kasuwa: mai albashi ko ƙaramin ɗan kasuwa da ke neman matsuguni ba ya iya sayen ƙafa 50 da 100, wato fulotin nan mai mita 15 da 30, a wannan yankin. In kowa ya yanka manya, talaka can zai koma bakin kwari inda ba mai so, ya gina a hanyar ruwa. Yayarmu babba ta ce: "To Malam, a raba kowanne biyu mana, tamanin ba ta fi arba'in ba?"

Abin da ya hana shi ne rijiya da sokawe. Yankin ba famfon gwamnati, kowa rijiya zai haƙa, kowa kuma zai haƙa ramin bayan gida. Shawarar da masana lafiya suka fi bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakaninsu, kuma yashi irin namu ba ya tace ƙazanta kamar laka. Fulotin mita 15 da 15, ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna, mita 21 ne da 'yan kai. Ko ka nisanta rijiyarka da ramin gidanka, ta matsa wa na maƙwabci da ke bayan katanga. A fuloti mai zurfin mita 30 kuwa, in kowa ya sa sokawe a gaba wajen titi, rijiya a baya, ana samun mita 25 ko kusa, kuma layukan da suka juya wa juna baya rijiya ke haɗuwa da rijiya. Bai cika 30 ba, amma ba a haɗa shi da wancan.

Mafitar da mai tsara garin ya kawo ita ce a rage faɗi, a bar zurfi. A layuka biyu na arewa, inda tudu yake, aka mayar da fuskar fuloti mita 12 da rabi zuwa 13, sai kowane layi ya ba da 13 a maimakon 11. Ƙarin huɗu ke nan, aka koma 42, ba tare da ƙara ko mita ɗaya ta titi ko lambatu ba. Fuska mai mita 12 da rabi tana ɗaukar zaure da ƙofar mota, da ɗakuna a jere ta gefe ɗaya, tsakar gida ta rage. Ƙasa da mita 10 ne abin ke lalacewa, don in aka cire ratar iska ta gefe biyu ba abin da ke saura.

Wani abin da ya taso a taron shi ne filin masallaci. A cikin magada akwai marayu biyu da ba su balaga ba, kuma malamin da muka tuntuɓa ya ce waliyyi ba ya kyauta ko sadaka da dukiyar maraya. Titi da hanyar ruwa dole ne don filin ya sayu, sun hau kan kowa. Masallaci da islamiyya kuwa daga kason manya aka cire su. Rabon kansa ba da ƙirgen fuloti aka yi ba, da kima aka yi, don na kwana a bakin babban titi ba ɗaya yake da na ƙurya kusa da kududdufi ba.

Zama da maƙwabta mun yi shi a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, aka shimfiɗa zanen a tabarma. Na zaci kan yawan gidaje za a yi gardama, sai ga shi ba wanda ya ɗaga wannan. Mutanen kudu sun kasu biyu a kan kududdufi: masu ƙananan yara na so a cike shi saboda nutsewa da sauro da shara, waɗanda gidajensu ke bakin lungun da ruwa ke bi na so a bar shi. Duka suna da gaskiya. Aka tsaya a kan a gyara shi: a kwashe lakar da ta toshe gindinsa don ruwa ya riƙa nutsewa cikin kwana uku zuwa huɗu, tunda sauro na bukatar kamar mako guda kafin ƙwai ya zama mai tashi, a kwantar da gaɓarsa, taku uku a kwance ga kowane taku ɗaya na zurfi, yadda wanda ya faɗa zai iya fita, a kewaye shi da waya, a yi masa mafita a sama zuwa lambatu. Murabba'in mita 1,200 a zurfin mita ɗaya na riƙe lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ya ɗan fi ruwan daren da muka lissafa.

Wani dattijo ya ɗora yatsa a zanen ya ce: "Ranka ya daɗe, ta ina za mu fitar da gawa?" Ashe lungunsu na yamma a jikin gonar ya ƙare, kuma ta cikinta suke yankewa zuwa maƙabarta shekara da shekaru. Zanenmu ya toshe shi da fuloti. Aka matsar da ƙaramin titin kudu ya daidaita da bakin lungun, abin da ya sa zurfin layuka biyu ya ɗan bambanta da sauran. Mutanen kudu kuma sun nemi kada a yi bene mai taga da ke leƙa tsakar gidajensu. Sannan da muka duba bayan katangunsu, sai muka ga ramukan bayan gidansu duk a jikin iyakarmu suke, daidai inda muka ce layin kudu zai haƙa rijiya. Dole aka hana rijiya a wannan layin gaba ɗaya, aka tanadi rijiyar burtsatse ɗaya da tanki a filin masallaci.

Itatuwa: gawo bakwai, kuka ɗaya, tsamiya biyu, da bedi a jikin burtali. An sa kowanne a taswira tun awon farko. Kukar ta faɗo filin islamiyya da gangan, gawo uku suka shiga zirin gabas, sauran suna cikin fulotai, kuma ban yaudari kaina cewa za su daɗe ba.

Zanen da muka shigar Hukumar Tsara Birane ta jiha, tare da takardar kotu da taswirar safiyo da bukatar mayar da gona wurin zama, ya dawo mana sau biyu, duka kuskuren namu ne. Na farko ba mu yanke kusurwoyin fulotan kwana ba, yadda direba zai hango mai fitowa. Na biyu ba mu nuna inda ruwa ke zuwa bayan ya bar iyakarmu ba. Sai da muka bi lungun kudu da awo har inda ya haɗu da babban lambatu. Jami'ai sun zo sun taka wurin kafin amincewa ta fito.

Dasa turaku ya kawo matsalar da ban taɓa tunani ba. Zanen a mita yake, masu saye da magina da ƙafa suke magana. Kowa na kiran mita 15 da 30 "hamsin da ɗari", alhali ƙafa 50 mita 15.24 ce. Bambancin santimita 24 bai kai tsawon bulo ba, amma in mutum 11 a layi ɗaya kowa ya ja tef ɗinsa ya cike ƙafa 50, an ci mita 2.64, kuma daga titi ko hanyar ruwa za ta fito. Don haka kowace takardar ciniki da mita aka rubuta ta, da lambar turaku huɗu. Turakun kansu a rani ake dasa su, a zurfafa, a zuba musu kankare. Waɗanda muka dasa gab da damina, garmar wanda aka ba aron noman ƙarshe ta tumɓuke tara, aka sake biyan ɗan safiyo.

Titunan mun buɗe su da gireda kafin a sayar da ko ɗaya. Titin da ke takarda kawai, watarana dillali zai sayar da shi. An sa su ƙasa da fulotai kaɗan, don titi shi ne magudana ta biyu in lambatu ya cika, kuma an gaya wa masu saye su ɗaga daɓen ɗaki aƙalla santimita 45 sama da titi. Inda titunan suka tsallake hanyar ruwan gabas kwalbati mai bakin santimita 90 aka sa. Mai 60 ya fi araha, amma yashi da leda na toshe shi a damina ɗaya kuma ba mai iya shiga ya yashe. Lambatu na son gangarar aƙalla mita ɗaya a cikin 200, in ba haka ba yashi ya kwanta. Kuɗin wannan duka daga fulotan da magada suka yarda a fara sayarwa ya fito, kuma lambatun kankare na babban titi kaɗai muka iya. Ƙananan na ƙasa ne har yanzu.

Kowane mai saye shi zai nemi takardar mallakarsa a kan lambar fulotinsa, galibi ta shekara 99, kuma in ta fito, sayar da filin gaba sai da amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada. A takardar ciniki mun rubuta sharuɗɗa: ba a raba fuloti, ba a fitar da dakali ko shago ko matakalar mota kan lambatu, sokawe a gaba, ba bene mai taga ta kudu a layin ƙarshe. Ƙarfin waɗannan sharuɗɗan bai wuce na masu sa ido ba, shi ya sa aka ajiye kwafin zanen da aka amince da shi a wurin mai unguwa da kwamitin masallaci. Tuni wanda ya sayi fuloti na 17 ya aiko yana tambaya ko zai iya yanka wa ƙaninsa rabin baya, da lungun ƙafa huɗu ta gefe. An ba shi amsa da zanen, an nuna masa inda rijiyar na bayansa take. Wayar kududdufi kuwa an kewaye gefe uku, saura na gabas, kuma dole a gama shi kafin ruwan Yuli.